'Yata ta maƙale wa littafin fatalwa mai zane, in ƙwace ko in ƙyale ta?

Maman Ummi, Sheffield

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata damuwa ce ta kwana biyu tana cina, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa shiga irinta.

Shekararmu huɗu ke nan a Ingila. Maigidan yana aiki, ni ina gida da yara biyu mata. Babbar, Ummi, shekararta goma. Yarinyar nan karatu bai taɓa damunta ba. Tun muna Funtuwa haka take, ka miƙa mata littafi ta riƙe shi kamar an ba ta garwashi. A nan kullum makaranta sai sun aiko ta da littafi da ɗan kati da zan sa hannu cewa ta karanta, kuma Allah ya gani, sau da yawa hannun kawai nake sawa.

To bara sai ta gano wani lungu a laburaren unguwarmu inda ake jera littattafan da labarinsu duk zane ne. Kowane shafi an yanka shi gida-gida, maganar mutane tana cikin ɗan da'ira a saman kansu. Ba irin siraran komik ɗin da muka sani muna yara ba, waɗannan masu kauri ne, wani ya haura shafi ɗari biyu. Daga ranar yarinya ta canza. Ranar Asabar ta ciko jaka da shida ko bakwai, kafin Laraba ta cinye su tas. Ni murna na yi. Babanta kuwa ya ce wannan kallon hoto ne, ba karatu ba, in ta isa ta ɗauki littafi mai rubutu zalla.

Ba wannan ce damuwar ba ma. Akwai guda ɗaya da ta ƙi mayarwa, sunansa Ghosts, na wata mata Raina Telgemeier. Sau uku ina sabunta mata aronsa. Jiya ina gyaran gado na tsince shi a ƙarƙashin filo. Na ɗan buɗa, sai ga wasu farare-farare kamar hayaƙi suna yawo a iska, can gaba kuma ƙwarangwal suna biki. Na rufe. Ga kuma talabijin. Da Scooby-Doo suke kallo ita da Auta, ban damu ba. Sai ta koma wani shirin BBC, shi ma sunansa Ghosts. Yanzu kuma na kama ta a YouTube tana kallon waɗansu ƙarti da ke shiga tsofaffin gidaje da tocila cikin dare wai suna neman fatalwa.

Abin da ya tayar mini da hankali ranar Lahadi ne. Ina tuƙa tuwo, ta zo ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Mama, in mutum ya mutu yana yaro, a can zai ci gaba da girma ko zai tsaya yadda yake?" Muciyar ta kusa suɓuce mini. Na ce ta je ta yi alwala, magariba ta yi. Ban ba ta amsa ba har yau. Ni kaina ba a natse nake ba, watan jiya kwana biyar muka yi a asibiti da Auta, sikilarta ta tashi, sanyin ƙasar nan ba ya yi mata daɗi, ga gajiya, ga wannan kuma.

Don Allah ku ba ni shawara. In ƙwace littafin ne in hana kallon gaba ɗaya? Tsorona kar in kashe mata son karatun da da ƙyar aka samu. Tsorona na biyu kar a cusa mata wata aƙida da ba tamu ba.

Abu Sadiƙ, Zariya

Wa alaikumus salam. Maman Ummi, Allah ya ba Auta lafiya. Ni ɓangaren karatun zan taɓa, na fatalwa na bar wa malamai. Shekarata goma sha shida ina koyar da 'yan firamare, kuma ki gaya wa maigidan, cikin ladabi, cewa wani malamin makaranta a Zariya ya ce bai yarda da shi ba.

Ki ɗauki irin littafin ki duba shafi guda da kyau. A gida na farko yaro ya ɗaga dutse. A gida na biyu gilashin taga a farfashe, tsohuwa ta leƙo rai a ɓace. Jifar fa? Ba a zana ta ba. A ɗan farin layin da ke tsakanin gidajen biyu aka yi jifar, kuma kan mai karatu ne ya yi ta. Haka yarinyarki take yi sau ɗaruruwa a littafi guda: ta haɗa wannan da wancan, ta karanta rubutu, ta karanta fuska, ta gane cewa bakin yarinyar nan yana cewa "lafiya lau" amma idonta yana cewa wani abu daban. Yaron da bai iya wannan ba shi ne zai karanto miki sakin layi tiryan-tiryan ba gargada, ki ce masa to me ya faru, ya tsaya yana kallon silin. Ina da irinsu fal a aji, kuma su suka fi ba ni wahala.

Turawan ma sun daɗe suna raina abin. A 1954 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka har zama ya yi yana sauraron bahasi a kan ko komik na lalata tarbiyyar yara. Sai a 2005 babban kamfanin littattafan yara, Scholastic, ya buɗe sashe na musamman mai suna Graphix don irin waɗannan masu kauri, kuma daga wannan sashen littafin da ke ƙarƙashin filon 'yarki ya fito a 2016. A 2020 lambar yabo ta Newbery, wadda tun 1922 ake bayar da ita ga littafin yara mafi inganci a Amurka, ta faɗa hannun littafin zane a karon farko, New Kid na Jerry Craft. Labarin yaro baƙar fata ne da aka kai makarantar masu kuɗi inda irinsa ba su da yawa. Ina jin Ummi za ta ga kanta a ciki.

Akwai kuma wani ɗan Nijeriya, Roye Okupe, da ya yi Malika, labarin sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko hasken labarinta daga Sarauniya Amina tamu ta Zazzau. Shi akwai yaƙi da takubba, ki fara dubawa tukuna.

Ni dai da zan samu mai zane ya zauna ya yi wa Gizo da Ƙoƙi irin wannan aikin da Hausa, shafi ɗari biyu, da albashina zan saya wa ajina. Mu ma fa da dodo aka yaye mu. Kakata ba ta taɓa yi mana tatsuniyar da ba a cinye wani a ciki ba.

Baban Khalifa, Coventry

Malam ya gama da littafi, bari in shiga talabijin, don ni na sha wannan yaƙin da yarana uku. Maman Ummi, abubuwan nan da kika lissafa ba jinsi ɗaya ba ne, kar ki yi musu kuɗin goro.

Scooby-Doo tun 1969 ake yinsa, kuma a na asalin duk yadda aka kai ga gudu da ihu, ƙarshen zance ɗaya ne: a kama fatalwar, a fizge abin rufe fuska, sai ga wani tsohon maƙetaci da ke son ya kori mutane daga fili ko ya kwashe wata dukiya. Wato yaro yana koyon cewa in ka ji ana cewa akwai fatalwa a gidan can, ka fara tambayar wa zai ci riba in kowa ya gudu. Wallahi da manyanmu a gida sun kalli wannan da an rage asarar filaye. Sai dai ki lura, wasu finafinansa na baya-bayan nan sun sa dodanni na gaske, waɗannan sun fi tsoratarwa.

Shirin BBC ɗin kuwa na barkwanci ne, an yi shi daga 2019 zuwa 2023, zango biyar. Mata da miji ne suka gaji wani rusasshen katafaren gida, matar ta faɗo daga taga, ta farfaɗo tana ganin matattun da suka taɓa zama a wurin. Akwai mutumin zamanin kogo, akwai wanda aka sare wa kai kullum jikinsa na neman kan, akwai shugaban 'yan sikawut da kibiya a wuya. Ba tsoro a ciki, rigimar gidan haya ce kawai irin ta mutanen da ba su da inda za su. Ni da uwargida muna kallo muna dariya. Amma akwai ɗan majalisa a cikinsu da ya mutu ba wando, kuma dalilin rashin wandon ba zancen yara ba ne. Maganganun manya suna gilmawa nan da can. Ni ba na barin nawa su kalla su kaɗai.

Na ukun shi ne mugun. Masu shiga gida da tocila ɗin nan ba su cewa wasa suke, ce maka suke gaske ne. A nan Ingila wani shiri mai suna Most Haunted ya fara yayin abin a 2002, kuma a 2005 hukumar sa ido kan kafafen yaɗa labarai, Ofcom, ta ce shirin nishaɗi ne, ba bincike ba ne da za a ɗauka da gaske. Na Amurka, Ghost Hunters, da ya fara a 2004, jagororinsa biyu a lokacin masu gyaran famfo ne da rana, da dare su zama masana fatalwa. Dabarar ba ta canzawa: a kashe fitila, kyamara ta mayar da komai kore-kore, a yi shiru, katako ya yi ƙara, wani ya zabura ya ce "kun ji?" Minti arba'in ba a ga komai ba, amma zuciyarka na dukan uku-uku. Babba ya san kasuwanci ne. Yarinya 'yar shekara goma ba ta da wanda zai fizge mata abin rufe fuskar a ƙarshe.

Ƙasar nan ta taɓa ganin illar haka. Daren 31 ga Oktoba 1992 BBC ta nuna wani wasan kwaikwayo, Ghostwatch, da aka shirya shi kamar rahoton kai-tsaye daga wani gida a Landan, da sanannun ma'aikatan talabijin irin su Michael Parkinson suna fitowa da sunayensu na gaskiya. Mutane da yawa suka ɗauka da gaske ne, ƙorafi ya yi ta shiga, BBC ba ta sake haska shi ba. A 1994 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta buga rahoton yara maza biyu 'yan shekara goma da firgicin shirin ya zame musu ciwo sai da aka kai su ga likita.

Na YouTube ɗin ya fi na talabijin muni, don ba mai tace shi, kuma kana gama ɗaya wani ya hau. Shi kam ki datse shi yau, ba sai gobe ba. Ni na san abin da nake faɗa. Ina aji huɗu na kalli wani fim ɗin Indiya na tsoro a kaset a gidan maƙwabta a Fagge, na yi wata guda ba na iya zuwa bayi da dare sai an raka ni, ranar da aka ƙi raka ni kuwa tabarma ce ta ji a jikinta.

Ummu Aiman, Kano

Allah ya saka wa Malam Abu Sadiƙ da Baban Khalifa. Amma Malam, tatsuniyar dodo daban, wannan daban. Yaro ya san da an ce ƙurunƙus an gama, ƙarya ce aka shirya don hira. Abin da Maman Ummi ta gani na ƙwarangwal suna biki kuwa, bikin ranar matattu ne na mutanen Meziko, da suke yi a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Suna jera hotunan mamatansu da furanni da abincin da mamacin yake so, a kan cewa rayukan suna dawowa ziyara a daren. Wannan imanin wasu mutane ne, kuma an zana shi da kyau da launi mai jan rai. Abin da aka ƙawata ya fi shiga zuciyar yaro.

Mu a wurinmu magana a fili take. Ki buɗe Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100: mutum yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, kuma a bayansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. Barzahu ke nan. Larabawan jahiliyya ma suna da tasu fatalwar, sun ce wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba yana zama mujiya yana kuka a kan kabarinsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Kuma kar mu ɗora wa Turawa laifin duka. Mu nan unguwa nawa ce ba ta da labarin wanda aka binne da safe aka gan shi a tasha da yamma?

Ni da 'yata ce, gaskiya zan mayar da littafin, in nemo mata wasu masu zanen da ba su taɓa wannan fagen ba, tunda Malam ya ce suna da yawa. Amma 'yar'uwa, inda zan ɗan ja kunnenki shi ne tura ta alwala da kika yi. Tambaya ta yi, kuma tambayar tana da amsa mai sanyaya zuciya. A cikin dogon hadisin mafarki da ke cikin Buhari, Annabi ya ga Annabi Ibrahim a wani lambu kore shar, yara kewaye da shi, aka ce masa yaran da suka rasu a kan fiɗira ne. Ki gaya mata wannan. In ba ki ba ta amsa ba, masu tocila za su ba ta tasu. Ki kuma riƙa zama da ita lokacin kwanciya ku yi Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi tare, a bayyane, ba ki ce mata "kin yi addu'a?" daga falo ba.

Anti Nas, Maryland

Ku tsaya tukuna. Maman Ummi, kin karanta littafin kuwa, ko buɗawa kawai kika yi kika rufe? Na tambaya ne don ni na karanta shi, 'yata ta taɓa kawo shi gida, kuma da na zo wurin da kika ce kun kwana biyar a asibiti da Auta sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Ga labarin. Yarinya ce mai suna Catrina, tana da ƙanwa, Maya, da aka haifa da ciwon da ba ya warkewa. Ciwon gado ne da ke cika huhu da majina mai kauri, numfashi ya yi ta wahala. Saboda ita iyayen suka tattara suka koma wani gari a bakin teku a arewacin Kalifoniya, don iskar wurin mai sanyi da gishiri za ta fi yi wa huhunta daɗi. Babbar ta bar ƙawayenta da makarantarta saboda ciwon ƙanwarta, tana jin haushi, tana kuma jin kunyar haushin da take ji. Garin cike yake da fatalwa. Ƙaramar, marar lafiyar, ita ce ke ɗokin ganinsu, don tana son ta tambaye su yadda mutuwa take. Babbar kuwa ko sunansu ba ta son ji, kuma mai karatu ya san dalili ko ba a faɗa ba. A tsakiyar littafin suka fita yawo, ciwon ƙaramar ya tashi, aka kwashe ta sai asibiti.

Yanzu ki sake karanta tambayar da ta yi miki a ƙofar kicin.

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ɓangaren yara. Ciwon cikin littafin da sikila hanyar gadonsu ɗaya ce: uwa na ɗauke da shi, uba na ɗauke da shi, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Yaro ɗaya ya fito da shi, ɗan'uwansa ya tsira. Wanda ya tsiran nan shi ne ba mai kallo. Ina ganinsu kullum a kusurwar ɗaki, an ba su waya an ce su yi shiru, likita na magana da iyaye a kansu kamar ba sa ji. Suna ji sarai. Suna ganin ƙarin ruwa da ƙarin jini, suna jin ihun ƙanensu cikin dare, kuma ba sa tambaya don sun ga fuskar uwarsu. Mu Hausawa kuma mun ƙware a "ba komai, da sauƙi". Yarinyar da ta kai shekara goma ta san da komai.

Malama Ummu Aiman, ban ƙi maganarki ba, bikin matattun yana ciki kuma sai an yi wa yarinya bayani. Littafin ma ba tsarkakakke ba ne ko a wurin Amurkawa. An soke shi a kan yadda ya mayar da tsohuwar majami'ar 'yan mishan ɗin Sifaniya wurin fatalwowi masu fara'a, alhali a irin waɗannan wuraren an tilasta wa 'yan asalin ƙasar aiki kuma da yawansu a can suka mutu. Amma in aka fizge shi daga ƙarƙashin filon ba a tambaye ta me ta gani a ciki ba, ina tsoron za ta fahimci cewa zancen ciwon Auta ma haramun ne a gidan.

Awa ɗaya ya ishe ki ki gama shi. Ki kuma yi wa nas ɗin da ke duba Auta maganar Ummi, sun saba zama da 'yan uwan marasa lafiya su yi musu bayani daidai shekarunsu. Wani abu kuma, in ta ɗauko Anya's Ghost a lungun nan, ki ce ta bari sai nan gaba. Shi na 'yan sakandare ne, akwai shan sigari da zancen samari, kuma fatalwar ciki muguwa ce ta gaske.

Ɗan Damagaram

Anti Nas ta gama magana, ni ɗan ƙari ne kawai. Mu nan Nijar da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci, littafin zane ba baƙonmu ba ne, da shi da yawanmu muka koyi harshen, mushe, wato malaminmu, bai taɓa cewa ba karatu ba ne. Maman Ummi, yarinyar da ke ɗauke da irin wannan nauyi tana bukatar abin dariya ma. Ki nemo mata Akissi, na Marguerite Abouet, 'yar Kodebuwa da aka haifa a Abijan, an fassara shi da Turanci. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce mai ƙiriniya kamar ta ci kan aljani, an aike ta da kifi kyanwa ta sace, ga birinta, ga faɗa da yayanta kullum. Unguwa ce irin tamu, da aike da kitso da bulala. Ba fatalwa ko ɗaya, sai dai tsutsar ciki, ita kam akwai, kar ku karanta kuna cin taliya. Ki ba maigidan shi ma ya duba, in bai yi dariya ba ni zan biya kuɗin.

Maman Ummi, Sheffield

Na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri, ban san ta inda zan fara godiya ba.

Anti Nas, a daren da na ga saƙonki na jira suka yi barci na zare littafin a hankali na zauna a kicin. Ban kai ƙarshe ba sai da na tashi na wanke fuska. Akwai shafi ɗaya da aka lanƙwasa kusurwarsa, ya yi laushi don yawan buɗawa, daidai wurin da aka kai ƙaramar asibiti.

Ranar Juma'a da yamma na zaunar da ita kitso. Na ga ya fi sauƙi, tana ba ni baya, ba sai ta kalli idona ba. Na yi layi biyu na ce, na karanta littafinki fa. Kanta ya ƙame a hannuna. Na ce yarinyar nan Catrina ta ba ni tausayi. Shiru. Sai da na kai wajen ƙeya na ji kafaɗarta tana rawa.

Ashe kwana ɗaya kafin ciwon Auta ya tashi, ranar da dusar ƙanƙara ta zuba, ina sallar la'asar, Auta ta dame ta sai sun fita bayan gida. Ta buɗe mata ƙofa suka fita, ba safar hannu, ba hula, minti kaɗan suka dawo. Washegari ciwo ya tashi. A asibiti kuma ta ji nas tana gaya mini cewa sanyi yana tayar da shi. Mako shida yarinyar nan tana ɗauke da cewa ita ta kusa kashe ƙanwarta, ba ta gaya wa kowa ba. Masu tocilar ma, wai so take ta gani ko da gaske ana dawowa, ko da Auta ta tafi.

Na saki kitson na juyo da ita. Na ce mata ciwon Auta da shi aka haife ta, daga jinina da na babanta, ya tashi sau da yawa ba wanda ya buɗe ƙofa, kuma a kula da sanyi aikina ne, ba nata ba. Malama, na gaya mata hadisin lambun Annabi Ibrahim, na kuma gaya mata wanda ya tafi ba ya dawowa, mu ne za mu je mu same shi, bikin cikin littafin na wasu mutane ne. Ta ce ta sani, an koya musu a Islamiyya. Ta tambaya ko a lambun akwai sanyi. Na ce babu. Rabin kan a tsefe muka kwana.

YouTube na cire shi daga kwamfutar hannun, Baban Khalifa, ba ta ko yi musu ba. Scooby-Doo yana nan, Auta ba za ta yarda ba. Na yi wa nas ɗin waya, ta ce in zo da Ummi ranar da za a duba Auta. Ɗan Damagaram, an samu Akissi a laburaren, kuɗinka sun tsira.

Shi wancan littafin ranar Asabar wa'adinsa zai cika, wani ya riga ya yi layinsa, dole mu mayar. Ummi ta ce in saya mata nata na kanta. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, maganar Malama tana raina. Babanta ya ce kar a yanke komai sai ya gama dubawa da kansa. Tun shekaranjiya yake shafi na tamanin, wai kallon hoton yana cin lokaci.